Kafin ka huda bangon ƙofar gida

A sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja, idan ka lura, za ka fara ganin wata 'yar na'ura maƙale a gefen get, girmanta bai wuce na wayar hannu ba, da maɓalli a ƙasa da idon kyamara a sama. Baƙo ya danna, wayar mai gida ta yi ƙara ko yana ɗaki ko yana kasuwa, ya ga wanda ke tsaye, su yi magana. Masu haɗa kyamarorin tsaro yanzu sukan sa ta cikin lissafi, a ce kyamara huɗu, da akwatin naɗa, da ƙararrawar ƙofa mai ido.

Ina goyon bayan a sa ta, kuma dalilina a fili yake. Matar da ke gida ita da yara, a buga ƙofa bayan isha'i, ba ta da hanyar sanin ko wane ne sai ta aika yaro ko ta matso da kanta. A wannan zamani na fashi da satar mutane, hakan kasada ce. Asalin tunanin ma daga irin wannan fargaba ya fito. Wata ma'aikaciyar jinya baƙar fata, Marie Van Brittan Brown, da ke zaune a unguwar Queens ta birnin New York, ita da mijinta suka nemi rajistar ƙirƙirar a 1966, aka ba su a 1969: kyamara a jikin ƙofa, allon kallo a ciki, da hanyar magana da na waje ba tare da an buɗe ba. Wanda ya mayar da abin kasuwa shi ne Jamie Siminoff, da ya fito da tasa a 2013, ta zama kamfanin Ring, Amazon ya saye shi a 2018 kan kusan dala biliyan ɗaya.

Sai dai an ƙera yawancinsu ne don gidajen Amurka, inda tun wajen gini ake ja wa ƙararrawa siririyar waya mai ɗauke da wuta bolt 16 zuwa 24. Gidajenmu ba su da wannan. Don haka mutane ke rugawa ga mai batir, batir kuwa ba ya shiri da zafi, kuma bangon da ke kallon yamma a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu kowa ya san yadda yake gasuwa. Get ɗin ƙarfe da katangar bulo suna cinye siginar wayfay kafin ta iso daga falo. Idan aka ɗauke wuta kuma rawtar wayfay ba ta kan inbata, ƙararrawar ta zama kwalliya. Akwai kuma abin da mai shago ba kasafai yake faɗa ba: wasu, ciki har da Ring, ba sa zuba hotonsu a akwatin naɗar da sauran kyamarorin gida ke amfani da shi, sai a rumbun kamfaninsu ta intanet, kuma sai ka biya kuɗin wata kafin ka ga abin da ya wuce. Wanda ya riga ya ja wayoyin kyamara a gidansa, abin da ya fi masa shi ne ya nemi wadda ke karɓar wuta da saƙo ta waya ɗaya, wadda akwatinsa zai gane ta, ko aƙalla mai katin memori. A kafa ta kimanin mita 1.2 daga ƙasa, a yi mata 'yar rumfa, a riƙa goge idonta lokacin hunturu. Wannan duk aikin yini guda ne ga mai haɗin da ya san hannunsa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda idon ke kallo. Kyamarar tsakar gida abin mai gida take gani. Ta ƙofa kuwa bayanta ta juya wa gidan, fuskarta na waje, kuma idonta mai faɗi ne, yana kwaso hagu da dama. A gida mai fili a gaba, babu matsala sosai. A lungunanmu, inda tsakanin ƙofa da ƙofa taku kaɗan ne, abin da za ta fi ɗauka dare da rana shi ne ƙofar maƙwabci: lokacin da matarsa ta fita, wanda ya zo zance wurin 'yarsa, ranar da mai bin bashi ya tsaya masa, daren da aka fita da mara lafiya. Bai ba da izini ba, sau da yawa ma bai sani ba.

Kuma tana ji. Wannan ne mutane ke mantawa. Dattawan da ke hira a dakali bayan la'asar, matan da suka tsaya gaisawa a hanyar gidan suna, duk muryarsu na iya shiga. A Ingila an kai ga kotu kan wannan. A watan Oktoba na 2021 wata kotu a Oxford ta yanke hukunci a ƙarar da wata mata ta kai maƙwabcinta, wanda ya kewaye gidansa da kyamarori har da ƙararrawar Ring. Alƙaliyar ta ce ya saɓa dokar kare bayanai, ta kuma nuna cewa ɗaukar murya daga nesa ya fi ɗaukar hoton ma muni. Mu ma muna da Dokar Kare Bayanai ta 2023. Ta ɗaga wa amfanin cikin gida ƙafa, amma da sharaɗin kada a keta haƙƙin sirrin wani, haƙƙin da sashe na 37 na tsarin mulki ya tanada.

Ba sai mun jira kotu ba. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin mutane, hadisi ingantacce kuma ya bayyana cewa saboda kare gani aka shar'anta neman izini. A kan wannan aka gina zaure da karkatacciyar hanyar shiga gida, don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki. Mutumin da ya tashi a wannan tarbiyya bai kamata ya kafa ido na dindindin a kan ƙofar ɗan'uwansa ba, ko da niyyarsa tsare kansa ce.

Gyaran ba shi da tsada. Yawancinsu suna zuwa da ɗan abin karkatarwa da ake sawa a baya, ya juya idon ya kalli bakin get ɗinka. A cikin manhajar da yawa daga cikinsu akwai wurin da za ka shafe wani ɓangare na hoton da baƙi, ka rufe ƙofar maƙwabci da tagarsa. Akwai wurin kashe naɗar murya. Bayan haka sai ka taka ka je, ka ce, Malam, ga abin da na sa, zo ka duba iyakar abin da yake gani. Mai yiwuwa ya ce a bar ƙofarsa a ciki don shi ma ya amfana. Idan ya faɗi haka, ya zama yarjejeniya, kuma irin wannan ce mai unguwa da 'yan sintiri za su iya ɗorawa a kai su tsare layi duka.

Saura tambayar wa ke riƙe da hoton. A 2023 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Ring ya biya dala miliyan 5.8, bayan ta zarge shi da sakaci har wani ma'aikacinsa ya shafe watanni a 2017 yana kallon dubban bidiyoyin mata daga kyamarorin ɗakunan kwanansu da banɗakunansu. Wannan babban kamfani ke nan mai lauyoyi da suna da zai kare. A 2024 ƙungiyar Consumer Reports ta gwada wasu masu arha da ake sayarwa da sunan Eken da Tuck, ta gano cewa wanda ya iso jikin ƙararrawar zai iya danne maɓallin ya haɗa ta da wayarsa ya ƙwace ta. Araha ba ta ado, kuma irin waɗannan marasa asali su suka fi saurin shiga kasuwanninmu. Kusa da gida kuma akwai mai haɗin kansa. Sau da yawa shi ke buɗe asusun manhajar da imel ɗinsa, ya zaɓi lambar sirri, ya tafi da ita a wayarsa. Ba zargin masu sana'ar nake ba, mafi yawansu neman halal suke. Amma asusun ya kasance da sunan mai gida, a canza lambar sirri a ranar kafin ya bar wurin, a kunna tabbatarwa ta mataki biyu.

Mutum na ƙarshe da za a yi wa iyaka shi ne mai gidan. Na'urar da aka saya don ɓarawo tana iya komawa abin ƙirga baƙin uwargida, a bugo daga ofis ana tambayar wace ce ta shigo da ƙarfe sha ɗaya. Gidan da aka fara haka zaman lafiyarsa ya taɓu. A sa manhajar a wayar matar gida ita ma, tunda ita ce ke ciki lokacin da ake buga ƙofa, kuma kowa a gidan ya san abin da ake naɗa da kwanakin da yake yi kafin a goge. Haka nan hoton da aka ɗauka ba na zubawa a WhatsApp ba ne. Yaron da ya tsaya a inuwar get, ko ɗan garuwa da ya leƙa neman mai sayen ruwa, idan aka yaɗa fuskarsa da rubutun a kula da wannan, an jefa shi hannun taron da ba ya tambaya kafin duka, kuma mun ga rayukan da suka salwanta a kan zato. Idan an yi sata, a kwafe bidiyon da ranarsa da lokacinsa, a kai wa 'yan sanda da mai unguwa, a bar bincike a hannunsu.