Jirgin Kwali: Wasa Ne Ko Karatu?



Ko kun taɓa jin inda aka ce wa ɗalibi jarrabawarsa ita ce ya ƙera jirgin ruwa da kwali, ya shiga ciki, ya tuƙa? Kwali dai irin wanda ake zubo sabulu ko taliya a ciki. To, an yi, kuma a jami'a aka yi. A shekarar 1974 wani malamin zane da ƙira mai suna Richard Archer, a Jami'ar Kudancin Illinois da ke garin Carbondale a Amurka, ya ɗora wa ɗalibansa wannan aiki. Sharaɗi shi ne jirgin ya ɗauki mutum, ya ci tafiyar yadi 200 a tafkin jami'ar. Daga nan abin ya zama gasar tsere, ya bazu zuwa makarantu da garuruwa da dama a ƙasar.

Na san abin da wani baba zai ce: "Turawa dai da neman wasan banza!" Ni ma da farko dariya na yi. Amma don Allah ku tsaya mu yi lissafi tare.

Me ke hana jirgi nutsewa? Wani masani Bagirke mai suna Arkimidis ya gano amsar fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Duk abin da ka sa a ruwa, ruwan zai tallafe shi da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kuwa kilo ɗaya ce. Wanda ya taɓa ɗauko jarka mai lita 20 daga famfo ya san haka a wuyansa. To, a ce ka haɗa akwatin kwali mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1. In ya shiga ruwa da zurfin santimita 10 kacal, ya ture lita 200, wato kimanin duro ɗaya. Ke nan zai riƙe wajen kilo 200, nauyin yara biyar masu kilo 40. Kun ji fa, kwali!

Sai dai kwali maƙiyin ruwa ne, a nan kuma wayon yake. Ɗalibi zai lura cewa ruwa ta baki-bakin kwalin yake shiga, ya bi 'yan ramukan nan na tsakiya, don haka dole a rufe su, a liƙe gaɓoɓi, a shafe jiki da fenti. Zai gane jirgi mai faɗin gindi ya fi wuyar kifewa, siriri kuma ya fi gudu amma ba ya yafe kuskure. Zai gane in ya miƙe tsaye a ciki, ya sha ruwa. Gara ya durƙusa. Babu wanda ya ba shi hadda. Ruwa ne mai duba jarrabawar, shi kuwa ba ya sanin ɗan wane.

Abin da ya fi burge ni ma wani ne. A gasar akwai kyauta ta musamman ga jirgin da ya fi kowane nutsewa da ban kallo, sunanta Titanic, sunan katafaren jirgin nan da ya nutse a 1912. Wato wanda ya faɗi ma ana tafa masa. Mu kuwa a ajinmu, yaro ya yi kuskure a gaban allo sai a kwashe da dariya, gobe ko ya san amsa ba zai ɗaga hannu ba. Yaron da ya zauna yana haɗa motar kara ko ta gwangwani kuma, tsawa ce rabonsa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce ba wasa ba ne. A ƙarshen watan Nuwamba na 2021 kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari, tsakanin ƙauyen Badau da Bagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya ne a hanyarsu ta zuwa Maulidi. Allah Ya jiƙansu da rahama. Hukumomi sun ce lodi ne ya yi yawa. Lissafin da muka yi ɗazu shi ne dai: kowane mutum da aka ƙara, jirgi sai ya ƙara nitso, har bakinsa ya zo daf da ruwa, igiya ƙarama ta isa. Yaron da ya ga haka da idonsa, ko a jirgin wasa ne, zai riƙa duban bakin kwalekwale kafin ya sa ƙafa.

Amma ku ji ni da kyau, yara. Ban ce ku ɗauki kwali ku nufi kududdufi ba. Su can kowa sanye yake da rigar da ke hana nutsewa, ga masu ceto a kusa. Kududdufinmu babu ko ɗaya, ga laka, ga tsargiya, yawancinmu kuma ba mu iya iyo ba.

Abin da nake roƙon malamai da iyaye shi ne a yi ƙaramar gasa a tsakar makaranta. A cika baho da ruwa, a raba yara uku-uku, kowane rukuni a ba su kwali daidai wa daida da salatif. Kafin a sa jirgi a ruwa, kowa ya rubuta a takarda tsakuwa nawa yake tsammanin nasa zai ɗauka. Sannan a riƙa jefa tsakuwar ɗaya bayan ɗaya, aji duka suna ƙirgawa da ƙarfi, har ruwa ya ci shi. Kyautar farko a ba wanda hasashensa ya fi kusa da gaskiya, ta biyu ga wanda nasa ya fi ɗaukar kaya. Wanda nasa ya riga kowa nutsewa, shi ma a ajiye masa alewa biyu.