Rubu'i da Sumuni, Wanne Ya Fi Yawa?

A hutun da ya wuce, waɗansu daga cikinmu sun ba da gudummawar koyarwa a wata makarantar firamare ta garinsu. A aji huɗu aka rubuta wa yara 1/4 da 1/8 a jikin allo, aka ce su nuna wanda ya fi girma. Kusan ajin duka ya ɗauka baki ɗaya, ya ce na biyun, domin takwas ta fi huɗu. Cikin masu wannan amsa har da wata yarinya da ke tallar ƙosai kafin ta zo makaranta, wadda idan ka ba ta naira 500 ka sayi na 150, tun ba ka rufe baki ba za ta miƙo maka 350. Sai aka sāke tambayar, aka ce da ita: ga faranti guda na ƙosai, a raba ku ku huɗu, ko a raba ku ku takwas, wanne kika fi so? Ta yi dariya, ta ce ai ko jariri ya san gara su huɗu.

Ra'ayinmu a nan shi ne, yarinyar nan ba ta jahilci lissafin kaso ba. Rubutunsa ne ba ta gane ba, kuma laifin yana wuyan irin koyarwar da ta raba alƙaluman da ke kan allo da kuɗin da ke ƙulle a bakin zanenta. Shekara uku ana koya wa yaro cewa lambar da ta fi nisa a ƙirga ita ce babba, sa'an nan rana guda a ɗora wata lamba a kanta, a ja layi a tsakani, a ce yanzu al'amarin ya juye. Idan ba a nuna masa dalili da abin da zai taɓa da hannunsa ba, me zai hana shi bin dokar da ya saba da ita? Lambar ƙasa tana faɗin mutum nawa za a raba wa abin, ta sama tana faɗin rabo nawa ka ɗauka. Wannan bayani, in an yi shi da Hausa, bai fi ƙarfin ɗan shekara takwas ba.

Abin da ya ƙara ba mu mamaki shi ne, harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fage. Muna da rabi, da sulusi, da rubu'i, da humusi, da sudusi, da subu'i, da sumuni, da tusu'i, da ushiri. Mun aro yawancinsu daga Larabci, sun kuwa zauna daram tun kafin zuwan boko, domin zakka da gado ba su yiwuwa sai da su. Manomin da ruwan sama ya shayar masa da gona yana fitar da ushirin amfaninta, mai ban ruwa da wahalar kansa kuwa rabin ushiri. A gado, matar da mijinta ya rasu ya bar ɗa tana da sumuni, in bai bar ɗa ba tana da rubu'i. Malaman da ke raba gado sukan fara da neman lambar da dukkan kason za su shiga cikinta ba saura, kamar 6 ko 12 ko 24, sa'an nan su kwatanta rabon kowa. Wannan ita ce dabarar daidaita lambar ƙasa da ake wahalar da yaranmu da ita cikin Turanci, kamar jiya aka sauke ta daga jirgi.

Kada a ɗauka wasan aji ne kawai. A ce mutum ya rasu ya bar naira 2,400,000 bayan an biya bashi da wasiyya. Rubu'in wannan dukiya naira 600,000 ne, sumuninta 300,000, in kuwa matan biyu ne, sumunin nan guda za su raba, kowace ta tashi da 150,000. Yarinyar da ta bar makaranta tana zaton takwas ta fi huɗu a ko'ina, ita ce gobe za ta zauna a bayan labule ana karanta mata rabonta, ba ta da abin yi sai ta ce to. Haka ɗan'uwanta zai shiga haɗin gwiwar kiwo ko noma, a ce masa yana da biyu bisa biyar na riba, ya kasa sanin ko ya kai rabi.

Kakanninmu sun sami wata makaranta kyauta a cikin aljihunsu, wadda mu muka rasa. Kafin ranar 1 ga Janairu, 1973, da Nijeriya ta koma naira da kwabo, sule guda kwabo 12 ne, fam kuwa sule 20. Sisi rabin sule ne, taro rubu'insa, nai kuwa uku bisa huɗu. Lamba 12 tana rabuwa gida biyu, da uku, da huɗu, da shida, ba tare da ta bar saura ba, saboda haka yaron da aka aika kasuwa ya san taro biyu sisi ne tun bai ji sunan lissafi ba. Ba muna kukan a dawo da fam ba ne. Ƙirgar goma-goma ta sauƙaƙa wa akawu da ɗan kasuwa aiki ƙwarai. Amma kwabo 100 ba ya rabuwa uku daidai, yau kuma kwabon kansa ya ɓace daga hannun jama'a, har ƙarafan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da aka fitar a 2007 da wuya ka ga mai karɓarsu. Duk da haka mun tarar da tsofaffin littattafai a ajin nan suna tambayar yaro canjin kwabo 35, kuɗin da bai taɓa gani da idonsa ba.

To, mene ne abin yi? A mayar wa yaro sulen nan da kuɗin zamaninsa. A yanka kwali guda 12, a rubuta naira 100 a kan kowane, ya zama 1,200. A ce da shi ya raba uku ya ɗauki kashi biyu: zai ƙirga 800. A ce ya raba huɗu ya ɗauki kashi uku: zai ƙirga 900. Nan take ya san uku bisa huɗu ta fi biyu bisa uku, ya kuma san da naira 100 ta fi ta, wato kwali guda cikin 12. Bayan ya yi haka sau da yawa, sai a rubuta masa 8/12 da 9/12, ya ga ashe abin da ya gama ƙirgawa ne aka taƙaita. Daga nan a jarraba shi da tarko: rabin naira 200 da rubu'in naira 1,000, wanne ya fi? Wanda ya yi saurin cewa rabi zai ƙirga 100, ya ga abokinsa riƙe da 250, ya koyi cewa ba a kwatanta kaso sai an san na mene ne.

Mun san za a ce jarrabawa da Turanci ake yin ta, da alƙaluma, ba da kwali ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a tsaya a kwali ba. Amma dokar da aka haddace ba a gane ba, kamar a ninka wannan da wancan a gicciye, takan zube a makon da aka gama jarrabawa. Da yawa daga cikinmu da ke jami'a yau, in aka tare mu da 3/5 da 5/8, sai mun nemi waya. Za a kuma ce aji ya cika, malami guda ba zai iya ba. Tun shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ake wannan kuka, kuma yana da hujja. Sai dai kwali bai da tsada, yara kuma suna iya zama shida-shida, ɗaya mai kanti, sauran masu saye. Ba kuma yabon talla muke yi ba, domin ta hana 'yan mata da yawa karatu; cewa muka yi wadda ta riga ta zo aji da wannan sani, kada a sa ta ajiye shi a bakin ƙofa.

Cikinmu akwai masu fita koyon aikin malanta a zango mai zuwa, akwai waɗanda hidimar ƙasa za ta kai makarantun ƙauye, akwai kuma ma'aikatan da takardun sayen littattafai ke bi ta teburinsu. Na ƙarshen nan muna roƙonsu su buɗe babin kuɗi su duba kafin su sa hannu. Masu shiga aji kuwa, su tafi da almakashi da kwalin sabulu, su fara darasin da tambayar yaran nawa aka ba su kuɗin tara yau.