Kafin a ɗaura wa mutum rigar alƙali, wa ke tambayarsa?



Shekaranjiya muna shan shayi a fada na kawo labarin wata lauyar Amurka, sai wani ƙanena ya ce, "Yaya, mu da ke fama da rigimar gona, ina ruwanmu da ita?" Na ce masa da ruwanmu. Ga dalilina.

Sunanta Harriet Miers, 'yar birnin Dallas a jahar Texas. Ba ƙaramar lauya ba ce, don ita ce mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar lauyoyin jaharsu. Ta yi wa George W. Bush aikin lauya tun kafin ya hau mulkin ƙasa, ta bi shi fadar White House a 2001, kuma a 2005 ta zama babbar lauyar fadar. Ranar 3 ga Oktoban 2005 Bush ya ba da sunanta don ta gaji Sandra Day O'Connor a Kotun Ƙoli, alhali ba ta taɓa zama alƙali ba.

A can shugaba ba ya naɗa irin wannan alƙali shi kaɗai, sai Majalisar Dattawa ta amince. Sanatoci suka aika mata tambayoyi a rubuce, ta amsa, shugabannin kwamitin shari'a suka ce amsar ba ta gamsar ba, ta sake. Suka nemi takardun aikinta na fada, Bush ya hana, ya ce sirrin ofis ne. Ranar 27 ga Oktoba, kwana 24 kacal, ta janye sunanta. Ko zaman jin ta bakinta ba a kai ga yi ba.

Kada mu yaudari kanmu, ba tsarkin zuciya kaɗai ya tayar da ƙurar ba. Mafi yawan masu adawar 'yan jam'iyyar Bush ne da ke shakkar aƙidarta. Amma duk da siyasar, an yi tambayar da ta dace a bainar jama'a: wadda ta yi shekaru tana kare mutum, za ta iya yanke hukunci a kansa gobe? Mu dai mun san wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

To mu dawo gida. A kundin tsarin mulkin 2010, wanda aka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ministan shari'a ke kawo sunan alƙali, majalisar ƙoli ta alƙalai ta ba da shawara, shugaban ƙasa ya sa hannu. Kuma shugaban ƙasar ne ke jagorantar majalisar. Talaka sai dai ya ji sunaye a rediyo bayan an gama komi.

Ban ce ba mu taɓa samun jarumai ba. Ranar 12 ga Yunin 2009 kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta soke kiran zaɓen raba gardama na tazarcen Tandja Mamadou. Ranar 29 ga watan ya rusa kotun. Mun ga inda aka ƙare: sojoji suka karɓe mulki ranar 18 ga Fabrairun 2010. Wannan baiwar Allah ta tsaya ne da halinta, tsarin bai kare ta ba. Ƙasa kuwa ba ta dogara da sa'a.

Ƙanena, ga inda zancen ya iso gonarka. Manomin albasa a Tarka da aka ƙwace wa fadama, makiyayin da aka toshe wa burtali a Majiya, marayun da aka danne wa gado, in shari'arsu ta gagara a nan, sama za ta tafi har Yamai. In na sama yana kallon fuskar wanda ya naɗa shi, na ƙasa ma zai koyi kallon fuska.

Abu uku nake roƙo, ko wa ke bisa mulki. Na ɗaya, a bayyana suna da tarihin aikin duk wanda za a kai manyan kotuna kafin a sa hannu, a ba jama'a lokaci su faɗi abin da suka sani. Na biyu, wanda ya yi wa gwamnati lauya ko mashawarci ya dakata wasu shekaru, kuma kada ya zauna kan shari'ar da ya taɓa sa wa hannu. Na uku, a saurari alƙalai da ƙungiyar lauyoyi da gaske, ba don cika sharaɗi ba.

Yi wa gwamnati aiki ba laifi ba ne, kuma mai gaskiya ba ya tsoron tambaya. Amma a yi ta tun ran gini, don in riga ta hau wuya, talaka ba ya da bakin yin ta.

Allah ya ba mu alƙalai masu tsoronsa. Ku faɗi naku ra'ayin.