Minti Nawa Kwamfutar Ofis Za Ta Jira Kafin Ta Kulle Kanta?



Akwai wata 'yar rigima da ba ta ƙarewa tsakanin ma'aikatan ofis da masu kula da kwamfutocinsu. Ma'aikaci ya juya ya amsa waya ko ya duba fayil, kafin ya waiwayo kwamfuta ta kulle tana neman kalmar sirri. Sai ya yi tsaki ya ce a cire masa wannan abu. Mai kula da kwamfutoci kuma ya ce doka ce, ba mai taɓa ta. Ni a ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Kullen ya zama dole, amma adadin mintin da za a sa abu ne da ya kamata a auna shi da irin wurin da kwamfutar take.

Me ya sa ya zama dole? Daga lokacin da ka shigar da sunanka da kalmar sirrinka, kwamfutar ta ɗauki duk wanda ya zauna a gabanta a matsayin kai ne. Idan ka fita cin abinci ka bar ta a buɗe, wanda ya zo ya canza makin ɗalibi, ko ya kwafe bayanan mara lafiya, ko ya aika saƙo ta imel ɗinka, bai fasa komai ba. Ranar da za a yi bincike kuwa, sunanka za a gani a rajistar na'ura, da rana da lokaci. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. A Najeriya ma, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsare su, duk da cewa ba ta yanke adadin minti ba.

A ma'aikatar da aka haɗa kwamfutocinta ƙarƙashin kulawa guda, ba a bin su ɗaya bayan ɗaya ana saitawa. Idan Windows ake amfani da shi, daga uwar garke ake rubuta dokar ta hanyar Group Policy, sai kowace kwamfuta ta ɗauko ta da kanta, yawanci duk bayan minti 90 zuwa 120. Tun daga Windows 8 da Windows Server 2012 akwai saitin da ke ƙayyade tsawon zaman banza da daƙiƙa. Idan aka bar shi a sifili, to wannan saitin ba ya aiki. Shawarar Microsoft ita ce daƙiƙa 900, wato minti 15. Ƙa'idar PCI DSS, wadda masu hulɗa da katin banki ke bi, ita ma ta ce zaman da ya wuce minti 15 ba motsi sai an sake tantance mutum. Hukumar NIST ta Amurka, a jagorar da ta fitar a 2017, ta sa minti 30 ga matsakaicin matakin tsaro, minti 15 ga mafi tsauri.

Matsalar ita ce yadda wasu ke karanta wannan minti 15. Iyaka ce ta sama, ba a ce ta dace da kowane tebur ba. Ɗauki kwamfutar da ke teburin karɓar kati a asibiti, inda jama'a ke tsaye suna leƙe, ko ta ofishin jarrabawa da ɗalibai ke shiga suna fita. A irin wannan wuri minti 15 ya ishi mutum ya gama ɓarnarsa ya yi tafiyarsa. Minti 3 zuwa 5 ya fi dacewa. Amma akawun da ke ofis shi kaɗai, ƙofa a rufe, yana kwatanta takardu da abin da ke fuskar kwamfuta, minti 10 ko 15 ba laifi. Kwamfutar ɗakin taro da ake haska darasi da ita kuwa tana bukatar nata tsari daban, domin ba daɗi malami yana tsakiyar bayani allo ya rufe.

Wasu masu kula da kwamfutoci suna ganin ƙara matsewa shi ne ƙara tsaro, sai su sa minti 1 ko 2 ga kowa. A nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Kwamfuta ba ta ganin mutum, motsin linzami da danna madannai kawai take ƙirgawa. Wanda ke karanta doguwar takarda, ko likitan da ke sauraron mara lafiya, a wajenta duk zaman banza suke yi. Idan ka tilasta wa mutum rubuta kalmar sirri sau talatin a wuni, zai nemo wa kansa mafita. Wani ya zaɓi kalma mafi sauƙi, wani ya rubuta ta a takarda ya manna a gefen allo, wani ya bar bidiyo yana ta yi don kada kwamfutar ta yi barci. Har 'yar na'ura ake sayarwa wadda aikinta kawai ta riƙa motsa linzami. Ka ga doka tana nan a rubuce, tsaron kuma ya tafi.

Na san wani zai ce, ai mu a ofishinmu mun yarda da juna, tamkar 'yan gida ɗaya muke. Madalla. Sai dai ofis ba ma'aikata kaɗai ke shigarsa ba. Akwai baƙi, da masu gyara, da masu talla, da yaran da aka zo da su bayan an tashi makaranta. Kuma kullen yana kare abokin aikinka ma, domin ranar da wani abu ya ɓace ba za a fara kallon wanda teburinsa ke kusa da naka ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wani kuma tsoronsa kada aikinsa ya salwanta. A kwantar da hankali, kullewa daban, kashewa daban. Duk abin da ka buɗe yana nan yadda ka bar shi.

Saboda haka shawarata ga masu wannan aiki ita ce su tashi daga kujera su zaga ofisoshin kafin su rubuta lamba. A raba kwamfutoci rukuni-rukuni gwargwadon haɗarin wurin, kowane rukuni da nasa minti, kada ko ɗaya ya wuce 15 sai da dalili. A gwada da mutane kaɗan na mako guda, a ji kokensu. A sanar da kowa kafin a fara, a kuma faɗi dalili. Wanda aka ɗaga wa ƙafa, a rubuta sunansa da dalili da ranar da sassaucin zai ƙare, ko da shugaban ma'aikata ne, tunda kwamfutarsa ta fi ta kowa ɗauke da sirri. Inda hali ya yi, a sauƙaƙa buɗewa da zanen yatsa ko kati, domin wanda buɗewa ba ta wahalar da shi ba zai yi faɗa da kullewa ba.

Mu kuma masu amfani da kwamfutar, kada mu jira agogo. Duk lokacin da za ka tashi, danna maɓallin Windows tare da harafin L, nan take ta kulle. Kullen da ke zuwa da kansa an yi shi ne don ranar da ka manta.

Ku da ke aiki a ofis, minti nawa aka sa muku, kuma ya dace da irin aikinku? Ina sauraronku. Sai mako mai zuwa.