Baƙon da Ya Yi Kama da Ɗan Gida

Duk malamin firamare ya san yaron da akan kawo masa a tsakiyar zangon karatu daga wani gari. Yakan zauna a bencin baya, ya yi tsit, har a ɗauka ba ya ganewa, alhali kuwa ƙofar shiga ce bai samu ba. Irin wannan yaro yana nan a jami'o'inmu, sai dai ya girma, ya kuma ƙetaro iyakar ƙasa.

Muna nufin ɗaliban Jamhuriyar Nijar da ke karatu a Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ɗan Maraɗi ko Damagaram yana jin Hausa kamar kowa, tufarsa irin tamu, sunansa irin namu. Saboda haka ba mai lissafa shi cikin baƙi, kuma nan ne cutar take. Tun daga aji ɗaya har ya gama sakandare da Faransanci ya yi karatu. An saba ba shi maki bisa 20, yau ga shi ana auna shi bisa 100. Inda muke rubuta 2.5, shi 2,5 aka koya masa. Ilimin yana kansa, amma Turancin lacca yana wucewa da gudu, kunya kuma ta hana shi ɗaga hannu. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Za a ce ɗakin lacca ya cika maƙil, malami ɗaya ga ɗaruruwan ɗalibai, ina zai ga zarafin kula da mutum guda? Wannan uzuri mun san shi, domin mu ma azuzuwanmu a cike suke. Amma abin da muke roƙo bai kai nauyin da ake zato ba, kuma ba sassauta jarrabawa ba ne. Malami ya rubuta muhimman kalmomin darasi a allo. Ya ba da takardun lacca kafin ranarta. In zai raba aikin rukuni, ya gauraya baƙi da 'yan gida da kansa, kada ya bar kowa ya nemi nasa. Sashe kuma ya haɗa kowane sabon baƙo da ɗalibin da ya riga shi. Wannan duka zai amfani ɗan ƙauyenmu ma, wanda shi ma Turancin bai zauna masa ba.

Hukumomin jami'a su tuna cewa baƙo yana da wata damuwar bayan karatu. Da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, watanni aka yi zuwa gida da aiken guzuri suna wuya. Ya kamata a ce akwai ofishin da irin wannan ɗalibi zai ƙwanƙwasa a amsa masa, da makwancin da ba za a kulle ba lokacin hutu.

Mu ma muna da 'ya'ya a ƙasashen wasu. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, mun ga yadda iyaye suka kasa barci har aka kwaso ɗalibanmu daga Hartum. Abin da muka yi fatan a yi wa namu a ranar, shi ne haƙƙin ɗan wani a kanmu. Kano ta karɓi Shehu Magili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba ta yi asara ba.

Mu fara daga inda hannunmu ya kai: yaron bencin baya a ajinmu, da ɗalibin da ke haya a unguwarmu. Ranar Salla, a aika a kira shi cin tuwo.