Lissafi daga hannu yake farawa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Baleyara ranar lahadi ya san yarinyar da nake nufi. Shekarunta ba su wuce takwas ba, tana zaune gaban faifai, ta kasa goruba kashi-kashi. Ka sayi kashi uku, ka miƙa mata tamma ɗari, wato dala ashirin, ta ba ka canjinka ba ta yi kuren ko dala ɗaya ba. Ranar litinin kuwa, a cikin aji, mushe ya tambaye ta uku sau huɗu da faransanci, sai ta sunkuyar da kai, a rubuta mata sifiri. Ƴan uwa masu karatu, wannan sifirin na hanyar koyarwarmu ne.

Mun saba mu sa yara su rera jadawalin ninkawa kamar waƙa, tun ba su san abin da “sau” yake nufi ba. Wanda ya haddace ya wuce, wanda ya manta baiti guda ya rasa hanyar komowa. Binciken PASEC na shekarar 2014 ya nuna cewa a Nijar, fiye da tara cikin goma na yaran da ke gama firamare ba su kai matsayin da ake bukata a lissafi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi, saboda haka gyara sai a ajin farko.

Ga abin da nake ganin ya kamata. Kafin alli, a ba yaro tsakuwa, ko ƙwallon magarya, ko karan hatsi da aka yanka guntu-guntu. A ce ya yi kashi uku, kowane kashi huɗu, ya ƙidaya da hannunsa ya sami goma sha biyu. Sa'an nan ya juya su kashi huɗu, kowane uku, ya ga adadin bai sake ba. A ba shi goruba goma sha huɗu ya raba wa abokansa huɗu: kowa ya sami uku, biyu su yi saura. Daga ranar nan ya san abin da ake kira saura a rabawa. Sai bayan haka a rubuta alamomin bisa allo, haddar jadawali ta biyo baya.

Ƙasar Kurfai da Tagazar cike take da kayan wannan aiki. Gurbin dara layi biyar ne, kowane layi rami shida, talatin ke nan. Manomin da ya ɗaure dami talatin ya san uku ne zakkarsa, ɗaya cikin goma. Wanda ya mai da tamma zuwa dala kuwa rabawa da biyar yake yi kullum.

Wasu ma'aikata za su ce wannan wasa ne, kuma aji ya cika, lokaci ba ya isa. To, yaran da ke maimaita aji don lissafi ya gagare su, nawa ne lokacin da suke ci wa ƙasa? Tsakuwa ba a sayenta, ba a jiran mota ta kawo ta daga Yamai. In aji ya cika, a zaunar da yara biyar-biyar a kan tabarma, wanda ya gane ya nuna wa ɗan uwansa. Wasu kuma za su ce a Baleyara akwai mai jin zabarmanci, da mai tamashek, da mai fulatanci, da mai hausa. Gaskiya ne, amma kashi uku na tsakuwa huɗu kowa yana ganinsa da idonsa, ya faɗi adadin da harshen gidansu, daga baya ya koyi sunansa da faransanci.

Hanyar ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da hausa a Damagaram, kuma dokar ilimi ta ranar 1 ga watan Yuni 1998 ta yarda a koyar da harsunan ƙasa tare da faransanci. Abin da ya rage shi ne masu duba makarantu su daina auna malami da ƙarar haddar ajinsa kaɗai.

Ku kuma iyaye da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, aikinku ne. In za a raba ƙosai ko a auna tiyar hatsi, ku kira yaro ya raba, ku tambaye shi nawa kowa ya samu, nawa suka yi saura.