Ruwa Ba Auduga Ba Ne

Jama'a, ga wani labari daga Amurka wanda ya kamata mu tauna tun bai iso mu ba. A watan Disamba na 2020 babbar kasuwar Shikago ta fara cinikin ruwan jihar Kalifoniya. Mudun da su ke awo da shi, watau ruwan da zai rufe eka guda har zurfin ƙafa ɗaya, ya fi lita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuɗinsa kuwa ran da aka buɗe ya kusa dala 500. Abin mamaki, ko ɗigo ba a miƙa wa kowa. Takarda ce kurum a kan farashin gobe. In fari ya zo ruwa ya yi tsada, wanda ya saya ya ci riba.

Mutumin Funtua ba ya bukatar tafinta a nan. Mun san ɗan baranda, mun san mai ba manomi kuɗi da damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ya karɓi auduga da kaka a kan farashin da ya yanka. Masu dabarar sun ce manomi ne zai amfana, don zai san abin da zai kashe tun kafin rani. Watakila haka ne ga mai eka dubu. Amma in auduga ta yi tsada sai a yi haƙuri da tsohuwar riga. In ruwa ne fa, da me za a yi haƙuri?

Kada wani ya ce ina ruwanmu. Ai kasuwar ta riga ta ci a ƙofar gidanmu, sai dai ba takarda. Ƙasar nan tamu ta fi arewacin Katsina samun ruwan sama, har Gulbin Sakkwato ma a kusa da Funtua ya ke tasowa. Ga madatsar Mairuwa, ga ta Gwaigwaye, Malumfashi ma da tata. Duk da haka, da bazara ta kama sai ka ga kura cike da jarkoki ta na bin lungu, farashi ya na hawa tare da zafin rana.

Ni ban ga laifin ɗan garuwa ba. Guminsa ya ke sayarwa, wanda ya taɓa tura kura a hawa ya sani. Wanda ya gina rijiyar burtsatse da kuɗinsa, ya sayi inji da mai, shi ma ya cancanci ladan wahalarsa. Inda na tsaya shi ne a ce ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ya zama nasa. Ƙasarmu a kan dutse ta ke zaune, ruwan kuwa cikin tsagogin dutsen ya ke maƙalewa, ba shi da yawa. Mai hali ya huda da zurfi ya yi ta zuƙa dare da rana, rijiyar maƙwabci ta ƙafe, sa'an nan maƙwabcin ya dawo ya na sayen ruwan da dā ya ke ja da guga kyauta. Mai lambun tumatir a fadama da Bafillacen da ke neman mashaya, su ba su da bakin tayawa ma.

Mu manoma ma da namu laifin. Mu na noma har bakin madatsa, damina ta kwashe ƙasar gona ta zuba ciki. Tafki ya cika da laka, ido ya na ganin ruwa shimfiɗe, alhali zurfin ya tafi. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 su na nan da rai, a tambaye su.

Shawarata, hukumar ruwa ta jiha da masu unguwanni su san yawan burtsatsen kowace unguwa, a sa tazara tsakaninsu, a kuma tsai da farashin jarka tun kafin watan Maris. Ƙungiyoyin 'yan noman rani su bar fili a gefen madatsa a dasa itatuwa. Yashe laka kuwa aikin rani ne, sa'ad da ruwa ya janye mota za ta iya shiga.